DARASI: YADDA AKE NAZARIN BIRAI A CIKIN KURMI

A karanta wannan darasi a taron ƙungiya. Mutum ɗaya ya karanta da ƙarfi, a ɗan dakata a ƙarshen kowane kashi domin mai tambaya ya yi.

Gabatarwa

'Yan'uwa manoma, babu mai gona a bakin daji ko a gefen kurmin rafi da zai ce bai san biri ba. Mun san shi sa'ad da masara ta yi goyo, mun san shi sa'ad da gyaɗa ta fara nuna. Galibinmu a gona kaɗai muke gamuwa da shi, gamuwar kuwa ba ta daɗi ba ce. Amma abin da muke gani a gona kaɗan ne daga cikin zamansa. Ina yake kwana? Me yake ci a watannin da babu kome a gona? Me ya sa bana ya dame mu, bara kuwa da sauƙi? Don me yake faɗa wa gonar wane ya bar ta maƙwabcinsa?

Akwai mutanen da suka ba da shekaru masu yawa suna bin birai a cikin manyan kurmi domin su sami amsar irin waɗannan tambayoyi. A cikin wannan darasi za mu duba yadda suke aikinsu, da abin da suka gano, da yadda ƙungiya za ta iya aron hanyarsu. Abin da muke so kowa ya riƙe shi ne, duk abin da mutanen nan suka sani, ta wurin haƙuri da kallo da rubutawa kowace rana suka san shi. Kayan aikinsu na fari agogo ne da littafi da fensir, waɗannan kuwa ba su fi ƙarfinmu ba.

1. Wurin da ake aikin

Bari mu ɗauki kurmi ɗaya ya zama mana misali, wato Kurmin Tayi. Yana kudu maso yammacin ƙasar Kwaddibuwa, kusa da iyakar Laberiya. Gwamnatin ƙasar ta mai da shi gandun daji a 1972, girmansa kuwa ya fi murabba'in kilomita 3,000. Yana cikin manyan kurmi na asali kaɗan da suka ragu a Afirka ta Yamma.

Ruwan sama a can yakan kai wajen milimita 1,800 a shekara, kusan ninki biyu na abin da Kano takan samu. Itatuwa ba sa kaɗe ganye gaba ɗaya kamar namu da rani. Dogaye ne ƙwarai, waɗansu sun fi mita 50, rassansu sun haɗu a sama har rana ba ta cika isa ƙasa ba. Wanda yake tafiya a ciki da ƙyar yake ganin abin da ya wuce taku 20 ko 30 a gabansa. A dajinmu mutum yakan hau tudu ya hangi garken birai daga nesa. A Tayi kunne ya fi ido aiki.

Akwai birai iri 8 masu yawo da rana a wannan kurmi, ban da babbansu, wanda Turawa suke kira cimfanzi. Mutanen Gashaka a Jihar Taraba suna ce masa biri mai ganga, gama yakan bugi manyan saiwoyin itace masu faɗi da hannu da ƙafa, a ji ƙarar daga nesa kamar ana kiɗa. Da wannan suna za mu riƙa kiransa. Ba shi da wutsiya, ya fi gogo girma, a kowace yamma kuma yakan tanƙwara rassa ya yi wa kansa sabon gado a kan itace.

2. Aiki na fari, wato sabo

Ba a iya nazarin dabbar da take gudu da zarar ta ga mutum. Saboda haka aiki na fari shi ne a sa birai su saba da mai kallo, har su ɗauke shi kamar wani kututture, su ci gaba da sha'aninsu.

Wata Baturiyar Ingila, Jen Gudal, ta fara irin wannan aiki a 1960 a wani daji mai suna Gombe a ƙasar Tanzaniya, bakin Tafkin Tanganyika. A lura, ba Gomben ƙasarmu ba ce. A shekarar nan ta ga biri mai ganga yana cusa tsinke a cikin suri, yana jawo gara yana ci. A lokacin masana da yawa suna tsammani mutum kaɗai yake gyara kayan aiki. Domin a jawo biran kusa, sai aka riƙa ajiye musu ayaba a sansani. Dabarar ta yi aiki, amma ta kawo wahala. Faɗa ya yi yawa a wurin ayabar, gogo ma suka shigo neman rabonsu, zaman biran ya sāke. Daga baya aka rage ba su, har aka daina.

A 1979 wani mutumin Suwizalan, Kiristof Bosh, da matarsa Hedwij suka kafa sansani a Tayi. Suka yanke shawara ba za su ba biran kome ba. Kowace safiya sukan shiga kurmi su kasa kunne. Idan suka ji kiɗa ko ihu, sai su nufi wurin a hankali. A shekarun fari ba abin da suke gani sai bayan biri yana ɓacewa cikin ganye, gama biran sun san mutum da bindiga. Sai da aka yi wajen shekara 5 kafin garken ya yarda a bi shi yini guda. Mai haƙuri yakan dafa dutse. Aikin da suka fara yana nan har yau, ko da yake shi Bosh ya rasu a 2024.

Abin koyo na fari ke nan. Duk wanda ya ba biri abinci, da gangan ko ta wurin sakaci, ya koya masa cewa wurin mutum akwai samu.

3. Yinin mai nazari

Mai nazari yakan tashi tun da duhu, ya ɗauki tocila ya tafi gindin itacen da biran suka kwana. Dole ya isa kafin su sauko, in ba haka ba ya rasa su, watakila har kwana biyu ko uku. Daga nan sai bi, cikin ruwa da laka da ƙaya da cizon ƙwari, har su hau gado da yamma. Wajen awa 12 ke nan. Galibin masu wannan aiki a yau 'ya'yan ƙauyukan da suke kewaye da kurmin ne, waɗanda suka koyi aikin har suka gwanance. Ga manyan ayyukan da suke yi.

(a) Sanin kowa da kamanninsa. Kamar yadda makiyayi ya san kowace saniya a garkensa, haka suke sanin kowane biri. Wannan kunnensa a tsage, wancan yana da tabo a leɓe, waccan ta fara furfura. Kowa da sunansa, an kuma rubuta uwarsa da shekarar haihuwarsa.

(b) Bin guda ɗaya. Idon mutum yakan tafi wurin da ake faɗa da hayaniya, ya manta da mai zama shiru. A 1974 wata malama Ba'amurkiya, Jin Altman, wadda ta yi nazarin gogo a Kenya, ta rubuta ƙa'idodin da za su hana wannan ruɗi. Babbar ƙa'idar ita ce, tun kafin a fara a zaɓi biri ɗaya, a bi shi har lokacin da aka ƙayyade ya cika, a rubuta duk abin da ya yi da lokacin da ya yi shi, ko da barci ne. Gobe a zaɓi wani.

(c) Duban garke da agogo. Bayan kowane minti 15 ko 30, sai a dubi dukan waɗanda ake gani a rubuta: nawa suke ci, nawa suke hutawa, nawa suke tafiya. Idan aka tara lissafin wata da watanni, sai a san yadda garken yake raba yininsa.

(d) Duban itatuwa. Akan sa wa ɗaruruwan itatuwa lamba, a zaga su wata wata a rubuta wanda ya yi fure, da wanda ya yi 'ya'ya, da wanda ya yi sabon ganye. Ta haka ake sanin watannin ƙoshi da watannin yunwa a kurmi.

(e) Duban kashi. Akan ɗebi kashin biri a wanke shi a rariya, a ga ƙwallayen da ya haɗiye da ƙwarin da ya ci. Akan kuma aika da kaɗan ɗakin bincike, a gane tsutsar ciki, ko mace tana da ciki, har ma a gane uban kowane ɗa.

(f) Ƙidayar gadaje. Inda birai ba su saba da mutum ba, akan yanka layi miƙaƙƙe cikin kurmi, a bi shi ana ƙirga gadajen da aka gani, daga nan a kimanta yawansu. A zamanin yanzu akan ɗaura kyamara a jikin itace, mai ɗaukar hoto da kanta idan dabba ta gifta.

4. Abin da aka gano a Tayi

Fasa ƙwara. Biran Tayi suna fasa ƙwarar itatuwa iri 5 da guduma ta dutse ko ta itace. Sukan ɗora ƙwarar a kan saiwa ko dutse, kamar yadda maƙeri yake ɗora ƙarfe a kan uwar maƙera. A lokacin wata ƙwara da masana suke kira kula, babban biri yakan yi fiye da awa 2 a yini yana wannan aiki, ya fasa wajen 270. Akwai wata mai tauri ƙwarai da ake kira fanda, wadda sai dutse yake fasa ta. Dutse kuwa yana da wuyar samu a kurmin. Masu nazari suka auna duwatsun, suka sa musu lamba, suka riƙa duba inda aka kai su. Sai suka tarar biri yakan tuna inda aka bar dutse, ya je ya ɗauko shi ya kai gindin itacen da yake so, wani lokaci tafiyar ɗaruruwan mita.

Ɗan biri ba a haife shi da wannan sani ba. Yakan zauna kusa da uwarsa shekara da shekaru yana kallo, yana roƙon abin da ta fasa, yana gwadawa yana kuskure, sai ya kusa shekara 10 kafin ya gwanance da mai taurin. A gabashin Kogin Sasandara, a cikin ƙasar, akwai ƙwarar, akwai duwatsun, akwai biran, amma ba a same su suna fasawa ba. Ko a cikin Tayi ma, wani garke ya fi son gudumar dutse har ƙarshen kaka, maƙwabtansa kuwa sukan koma ta itace idan ƙwarar ta bushe. Macen da ta bar garken haihuwarta ta shiga wani takan ɗauki al'adar waɗanda ta tarar. A 2007 masu haƙa ƙasa suka ba da labarin duwatsun fasa ƙwara da suka tono a kurmin, masu shekara wajen 4,300. Ashe sana'ar tsohuwa ce.

Kukan gargaɗi. Akwai wani ƙaramin biri mai farin gemu da farin ƙirji da ake kira dayana. Manyan abokan gabansa su ne damisa, da wata babbar gaggafa ta kurmi, da biri mai ganga, da maharbi. Domin a san ma'anar kukansa, masu nazari suka ɗauki muryar damisa da ta gaggafa a rikoda, suka ɓoye lasifika a cikin ganye suka kunna. Suka tarar kukan da namijin yake yi don damisa dabam, wanda yake yi don gaggafa dabam. Da aka kunna wa wani garke kukan gargaɗin kaɗai, sai suka yi abin da ya dace da wannan maƙiyi. Idan kuwa biri mai ganga ne ko maharbi, sai su yi tsit, gama waɗannan biyu da jin kuka suke bin sawu. Har wani babban tsuntsu dangin cilakowa ya gane bambancin. Yakan amsa idan ya ji gargaɗin gaggafa, ya ƙyale na damisa, tun da damisa ba ta iya kama shi a sama.

Akwai kuma wani biri mai cin ganye da ake kira kolobas ja, wanda biri mai ganga yake farauta, musamman a watannin Satumba da Oktoba. A lokacin nan kolobas yakan manne wa garken dayana, domin dayana ya fi shi saurin hango maƙiyi. Gadin tarayya ke nan.

Haihuwa da reno. Macen biri mai ganga ba ta fara haihuwa sai ta kai wajen shekara 13 ko 14, sa'an nan ɗa ɗaya bayan kowace shekara 5 ko 6. A 2010 masu nazarin Tayi suka ba da labarin marayu 18 da waɗansu manya suka ɗauki renonsu, rabin masu renon kuwa maza ne. Dabbar da take haihuwa a hankali haka, idan aka kashe uwa ɗaya, giɓin yakan daɗe bai cike ba. An ƙirga gadaje a wurare dabam dabam na Kwaddibuwa a 1989 zuwa 1990, aka sāke ƙirgawa a wuraren a 2007, sai aka tarar sun ragu da kashi 90 cikin 100, saboda saran kurmi da farauta. Da ba a rubuta ƙidayar fari ba, da ba wanda zai iya nuna girman asarar.

5. Cuta tana ƙetarewa ta kowane gefe

Jikin biri mai ganga yana kusa da namu ƙwarai, saboda haka cutarmu tana kama shi, tasa kuma tana kama mu. A 1994 birai da dama suka mutu a Tayi. Wata mai nazari da ta taimaka wajen feɗe gawar ɗaya domin a san dalili ta kamu da wata irin cutar Ibola, aka kai ta Suwizalan ta warke. A 2001 aka fara samun waɗansu suna mutuwa farat ɗaya daga wata irin cutar saifa, dangin wadda makiyaya suka sani a jikin shanu. A 2008 kuma bincike ya tabbatar cewa mura da tarin da suka sha kashe biran, daga mutane suka fito.

Saboda haka aka kafa dokoki. Mai shiga wurin biran sai ya keɓe kansa 'yan kwanaki tukuna, ya sa takunkumi a hanci da baki, ya tsaya nesa da su aƙalla mita 7, kada ya tofa yawu ko ya bar ƙazanta a kurmi. Mai mura ba ya fita aiki. A ɗaya gefen kuma, lissafi ya nuna cewa kewaye da sansanin masu nazari tarko da harsashin mafarauta sun fi ƙaranci, dabbobi kuma sun fi yawa. Zaman mutanen kirki a wuri shi kansa tsaro ne.

6. Irin wannan aiki a ƙasarmu

Kada mu zaci sai an ƙetare iyaka. Gandun Dajin Gashaka Gumti, wanda yake cikin jihohin Taraba da Adamawa, shi ne mafi girma a Nijeriya, ya fi murabba'in kilomita 6,000. An kafa shi a 1991. Wurin gauraye ne, akwai kurmi mai duhu a kwaruruka da bakin rafuffuka, akwai daji irin namu, akwai duwatsu masu tsawo. Ruwan da yake gangarowa daga can shi yake ciyar da Kogin Taraba, wanda yake zuba a Binuwai. A shekara ta 2000 wani malami Bajamushe daga wata jami'a ta Landan, Folka Soma, ya fara aikin nazarin birai a can, da sansani a wani wuri da ake kira Kwano.

Biri mai ganga na Gashaka bai yarda a bi shi kamar na Tayi ba. Duk da haka an san abubuwa da yawa game da shi daga gadajensa, da kashinsa, da tsinkayen da yake yarwa. Yana amfani da sanda ya ɗebi zuma, yana kuma tsoma tsinke a ramin kwarkwasa ya suɗe. An sami ɓurɓushin kwarkwasa a fiye da kashi 40 cikin 100 na kashin da aka wanke. Gara kuwa ba a sami alamar yana cinta ba, alhali na Tanzaniya suna sonta. Kowane wuri da al'adarsa.

A Gashaka ne kuma aka yi nazarin wani biri mai farin tabo a hanci, wanda mutanen wurin suke kira baƙin biri. Namijin yana da kuka iri biyu, ɗaya kamar "fiyau", ɗaya kamar "hak". Na biyun ya fi yinsa idan ya ga gaggafa. A 2006 masu nazari suka nuna cewa idan ya jera "fiyau" kaɗan ya bi su da "hak", sai garken ya tashi ya yi gaba. Ya haɗa kuka biyu ya fitar da saƙo na uku.

Abin da ya fi shafarmu shi ne nazarin gogo. An bi garke biyu shekara da shekaru. Ɗaya yana Kwano, abincin daji kaɗai yake ci. Ɗaya yana kusa da ƙauyen Gashaka, yana shiga gonakin masara da rogo. Aka tarar masu shiga gona ba sa daɗewa wajen neman abinci, sun fi samun hutu, matansu sun fi saurin sāke haihuwa, 'ya'yansu kuma sun fi rayuwa. Ma'anar wannan a fili take. Gonar da ba a tsare ba tana ciyar da ɓarawon bana, tana kuma ƙara yawan na baɗi.

7. Biri da itatuwa, biri da gona

Amsa biyu masu amfani gare mu sun fito daga wani kurmi kuma, wato Kibale, a yammacin ƙasar Yuganda, inda gonakin talakawa suka zo har bakin itatuwa.

Ta fari game da shuka ce. Da aka wanke kashin biri mai ganga a can, aka sami ƙwallayen itatuwa a fiye da kashi 98 cikin 100. Yakan haɗiye 'ya'yan itace da ƙwallonsu, ya je nesa ya zubar da su tare da taki. Ƙananan birai kuwa suna da jaka a kumatu. Sukan cika ta, su koma wani itace su tsotse su tofar da ƙwallon. Ƙwallon da ya faɗi a gindin uwarsa ba ya cika rayuwa, saboda inuwa da ƙwari da ɓeraye. Itatuwa masu manyan ƙwallaye, waɗanda tsuntsu ba ya iya haɗiyewa, sun dogara ga birai da sauran manyan dabbobi. Idan aka ƙare birai, kurmin zai tsaya kamar lafiya lau, amma a ƙarƙashinsa waɗansu itatuwa sun daina samun magada. Mu kuwa mun san abin da yakan sami rafi idan kurminsa ya tafi.

Ta biyu game da ɓarna ce. Wata mai nazari Ba'amurkiya da mataimakanta suka yi kusan shekara 2 suna zaga gonakin ƙauyukan bakin Kibale, suna auna ɓarna suna rubuta wanda ya yi ta. Rahoton ya fito a 1998. Ga abin da ya nuna:

Dabbobi iri 5 ne suka yi galibin ɓarnar da namun daji suka yi: gogo, aladen daji, wani ƙaramin biri mai jar wutsiya, biri mai ganga, da giwa.

Ɓarnar ta taru ne a gonakin da suke dab da bakin kurmi. Idan aka raba asarar a kan kowa, ba ta wuce kashi 4 zuwa 7 cikin 100 ba a kaka. Amma ba a kan kowa take faɗuwa ba. Mutane kaɗan ne suke ɗaukar nauyinta, wani har ya tashi a tutar babu.

Awaki da shanu na gida ma sun yi ɓarna mai yawa, amma ba a cika kuka da su ba, domin akwai mai su, akwai kuma hanyar biyan diyya.

Birai sun rage cin ayabar gona a watannin da kurmi yake da 'ya'yan itace. Masara kuwa ba su ƙyale ta ba, ko kurmi yana da abinci ko babu.

Mu lura da wannan na ƙarshe da kyau. Barin itatuwa masu 'ya'ya a kurmi yana rage wata ɓarnar, amma ba zai ɗauke mana gadin masara ba.

8. Abin da ƙungiya za ta iya yi

Na ɗaya, a sayi littafi guda na ɓarna, ya zauna a hannun magatakarda. A ja layi a raba shafi haka: rana, lokaci, gonar wa, taku nawa daga bakin daji, wace dabba, guda nawa, wane amfani aka taɓa, kara nawa aka ɓata, akwai mai gadi ko babu. A rubuta abin da aka gani da ido ko aka gane da sawu. Ranar da aka zaga ba a ga kome ba, ita ma a rubuta ta. Awaki da shanu da tsuntsaye da ɓeraye duka su shiga littafin.

Na biyu, bayan girbi a zauna a karanta littafin. Za a ga makonnin da ɓarna ta fi yawa, da sa'o'in, da gonakin. A can za a tattara ƙarfi baɗi.

Na uku, a shirya gadi na karɓa-karɓa a makonnin nan, manya su yi shi. Kada a fitar da yara daga makaranta saboda gadi. Gogo ba ya cika jin tsoron yaro, yana iya yi masa rauni kuma. Tun da gonakin baki su ne garkuwar na ciki, daidai ne masu gonakin ciki su ba da ranakunsu, ƙungiya kuma ta yi shawarar yadda za ta tallafi wanda asara ta fi faɗa wa.

Na huɗu, a layin da yake dab da daji a gwada shuka abin da birai ba su cika so ba, kamar barkono ko citta, a matsar da masara ciki. A Yuganda ganyen shayi ake shukawa a irin wannan wuri. A share wata 'yar tazara tsakanin daji da gona domin mai gadi ya hango su tun da nisa. A gwada a gona biyu ko uku tukuna, littafin zai nuna ko dabarar ta yi.

Na biyar, kada a sa guba. Takan kashe karnuka da ungulu da dabbobin gida, tana kuma iya kai ga yara.

Na shida, kada a taɓa ko a ci biri ko wata dabba da aka tsinta a mace a daji. A sanar da malamin dabbobi ko ma'aikacin gandun daji. Kada kuma a ajiye ɗan biri a gida. A tuna, tun 1985 dokar ƙasarmu ta hana kashe biri mai ganga, ko kama shi, ko sayar da shi.

Na bakwai, a bar kurmin bakin rafi da itatuwansa, irin su ɓaure da ɗinya. A yi yarjejeniya a kan taku nawa za a bari daga bakin ruwa ba a sara ba.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Birai iri nawa muke da su a yankinmu? Akwai wanda iyayenmu suka sani da yanzu ba a ganinsa? Me ya kore shi?

2. Don me Bosh da matarsa suka ƙi ba birai abinci, ko da yake hakan ya ja musu shekara 5? Ta waɗanne hanyoyi muke ciyar da birai ba da saninmu ba?

3. A bara, wace dabba ce muke tsammani ta fi yi mana ɓarna? Da me za mu tabbatar?

4. Gonakin su wane ne suke bakin daji? Me ƙungiya ta taɓa yi musu?

5. Waɗanne itatuwa ne a kurmin rafinmu birai suke cin 'ya'yansu? Akwai ƙananansu masu tasowa?

Aikin da za a yi kafin taro na gaba

A zaɓi mutum biyu, namiji da mace, waɗanda za su taimaki magatakarda riƙon littafin ɓarna. Kowane ɗan ƙungiya ya auna taku nawa ne daga gonarsa zuwa bakin daji mafi kusa, ya kawo lissafin. Dattawa kuma su zo da sunayen itatuwan da suka san birai suna ci, da watan da kowanne yake nuna, domin a rubuta su a shafin farko.